Gani bai kori ji ba: Abin da labaran ban dariya na intanet ke nunawa game da tallan zamani

A ƙarshen watan Fabrairun 2024, iyaye a birnin Glasgow na Scotland suka yi wa 'ya'yansu kwalliya, suka nufi wani biki da aka tallata a intanet a matsayin duniyar cakulan. Hotunan tallan sun nuna lambuna masu launi iri-iri da alewa jibga-jibga. Kuɗin shiga ya kai fam 35.

Da suka isa, sai suka tarar da wani ƙaton sito kusan fayau, an baza 'yan kayan ado nan da can. Abin da yara suka samu bai wuce 'yan ƙwayoyin alewa da ɗan ruwan lemo ba. Wasu yaran suka fashe da kuka, ran iyaye ya ɓaci, har sai da aka kira 'yan sanda. A ranar aka soke bikin, masu shiryawa suka yi alƙawarin mayar da kuɗi.

Hotunan wurin sun karaɗe shafukan sada zumunta, duniya ta sha dariya. Sai daga baya aka lura cewa da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa hotunan tallan, kuma rubutun da ke jikinsu cike yake da kalmomin da babu su a Turanci. Alamar yaudara tana nan a fili tun farko, kyan hoto ne ya rufe wa mutane ido.

Faretin da babu shi

Bayan wata takwas aka sake ganin irin haka a Dublin, babban birnin Ireland. A daren 31 ga Oktoban 2024, jama'a suka yi cincirindo a titin O'Connell suna jiran faretin bikin Halloween da wani shafin intanet ya sanar. An yi ta jira, babu ganga babu mai rawa. Daga ƙarshe 'yan sandan ƙasar suka fitar da sanarwa cewa babu wani fareti da aka shirya, kowa ya kama gabansa. Mai shafin, wanda ke zaune a Pakistan, ya nemi afuwa, ya ce kuskure ne.

Irin waɗannan shafuka suna samun kuɗi ne daga tallace-tallacen da ke bayyana a kansu. Yawan masu leƙowa shi ne yawan riba, don haka abin da ya dame su shi ne su fito a sahun gaba idan an yi bincike a Google. Tabbatar da gaskiyar labari kuwa yana cin lokaci da kuɗi, ba ya kuma ƙara musu ko kwabo.

A nan ne babban sauyin yake. A da, wanda zai yi talla mai ɗaukar ido sai ya biya mai hoto, mai zane da gidan buga takardu, ko ya sayi fili a rediyo ko talabijin, inda wani zai duba kafin a watsa. Wannan tsadar ita kanta shinge ce, domin ba kowane ɗan damfara ne zai iya tsallake ta ba. Yanzu duk mai waya zai iya samar da hoto, murya ko bidiyo cikin 'yan mintuna. Hoton marigayi Fafaroma Francis sanye da farar rigar sanyi ta gayu, wanda aka haɗa da manhajar Midjourney a watan Maris na 2023, ya ruɗi mutane da dama kafin a gano na bogi ne.

Inda dariya ta ƙare

Fasahar da ta sa aka yi dariya a Glasgow ita ce ta jawo asara mai nauyi a Hong Kong. A farkon 2024, an gayyaci wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup zuwa taro ta bidiyo, inda ya ga fuskoki kuma ya ji muryoyin da ya ɗauka na babban jami'in kuɗi ne da abokan aikinsa. Duka na bogi ne. Bisa umarninsu ya tura dalar Hong Kong miliyan 200, kimanin dalar Amurka miliyan 25.

Nijeriya ma ba ta tsira ba. Dandalin CBEX, wanda ya yi wa mutane alƙawarin ninka musu kuɗi yana ikirarin cewa ƙirƙirarriyar basira ce ke yi masa ciniki, ya durƙushe a watan Afrilun 2025, masu zuba jari suka kasa cire kuɗinsu. Hukumar SEC ta ce ba shi da rajista da ita, EFCC kuma ta shiga bincike. A nan ba a ma buƙaci hoton bogi ba, sunan fasahar kaɗai ya isa ya zama tarko.

Wa ke da laifi?

Idan na'ura ta yi ƙarya, tambayar da ke biyo baya ita ce wa zai biya. Wata shari'a a Kanada ta fara ba da amsa. Wani fasinja da kakarsa ta rasu ya tambayi manhajar hira da ke shafin Air Canada game da rangwamen masu tafiya jana'iza. Manhajar ta ce masa ya sayi tikiti, ya nemi rangwamen daga baya. Da ya nema, kamfanin ya ƙi, yana cewa ƙa'idarsa ba ta yarda da haka ba, kuma bai kamata a ɗora masa alhakin abin da manhajar ta faɗa ba. A watan Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia ta yi watsi da wannan hujja, ta umarci kamfanin ya biya kusan dalar Kanada 812.

Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma hukuncin yana da nauyi: duk abin da ya fito a shafin kamfani maganar kamfani ce, mutum ne ya rubuta ko na'ura. Sai dai wannan yana aiki ne idan akwai kamfani mai suna da adireshi. Wanda ya buɗe shafi yau ya rufe gobe, daga wata nahiya, da wuya hannun hukuma ya kai gare shi.

Shi ya sa kaso mai yawa na nauyin ke komawa kan manyan dandali irin su Facebook, Google da TikTok, waɗanda ke karɓar kuɗin talla, da kuma kan mai saye da kansa. Hausawa sun daɗe da hana cinikin biri a sama, kuma biyan kuɗi saboda hoto kawai bai da maraba da hakan. Kafin a tura ko sisi, ya kamata a san wane ne mai kayan, ina shagonsa yake, wa ya taɓa saye a hannunsa, sannan wace hukuma ce ta san da zamansa. Da iyayen Glasgow sun tsaya sun karanta rubutun da ke jikin tallan, da fam 35 ɗinsu na nan a aljihu.