Tsohon batir: Doka na bin ɗan gwangwan da gudu, ta ƙyale mai tukunyar narka dalma

A watan Janairun 2025 hukumomin Abuja suka haramta wa 'yan jari-bola yawo a cikin birni, suka kuma rufe kasuwannin panteka na tsawon mako biyu, bayan an wayi gari ɓarayi sun kwashe murafan ƙarfe na magudanun ruwa a manyan tituna. Kafin nan, a 2023, gwamnatin Borno ta hana sana'ar tsintar ƙarafa a faɗin jihar saboda dalilan tsaro.

Babu mai musun cewa satar ƙarfe ta zama annoba. Ana kwance layin dogo, ana yanke wayoyin taransifoma, har allunan kaburbura ba su tsira ba. Wanda ya yi wannan ɓarawo ne, kuma wanda ya saya a hannunsa ya fi shi laifi.

Sai dai in aka tsaya a nan, an kama reshe ne an bar tushe. Ɓarnar da ta fi girma a harkar gwangwan tana faruwa ne a inda kayan ke ƙarewa, wato a tukunyar narkawa, kuma babu inda ta fi muni kamar wajen narka dalmar tsofaffin batura.

Sana'ar kanta mai amfani ce. Yaron da ke tura kura yana sayen ruɓaɓɓen kwano da tsohon inji shi ne matakin farko na wata doguwar hanya: daga hannunsa zuwa sikelin dillali a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Pantekar Kaduna, daga nan tirela ta ɗauka zuwa kamfanonin da ke narka ƙarfe su yi rodi. Tun da kamfanin Ajaokuta ya kasa tashi, rodin da ake yi a cikin gida kusan duk daga irin wannan tarkace yake fitowa. Sake narka alminiyom kuwa na cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na wutar da ake buƙata wajen haɗa sabo daga ma'adini. Ƙasar da ke fama da duhu ba ta da dalilin raina wannan.

Batir ne ya fita daban. Fiye da rabin nauyin batirin mota ko na sola dalma ce, sauran kuma roba da ruwan batir mai ƙuna. Shi ya sa ba a ganin tsohon batir a bola, domin kuɗi ne. Kusan kashi 85 cikin 100 na dalmar da duniya ke amfani da ita batura ake yi da ita, kuma ana iya narka ta sau da yawa ba tare da ta lalace ba.

Matsalar ita ce yadda ake yin aikin. A wurare da dama ana fasa batir da gatari ko adda, a tsiyaye ruwan a ƙasa, a zuba farantan dalmar cikin tukunyar da ba ta da matatar hayaƙi. Ƙurar ta tashi ta sauka a rufin gidaje, a tsakar gida, a filin wasan makaranta, a kan garin da aka shanya. Tokar da ta rage a jibge ta a bayan katanga. Ma'aikaci ya tashi aiki ya koma gida da ƙurar a rigarsa da gashinsa, ya ɗauki ɗansa.

Mutanen Arewa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan gubar dalma. A 2010 yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma da Abare, saboda ana niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Waccan dalmar daga ramin haƙar zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce da ta cikin batir.

Senegal ta ga irin ta batir ɗin. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Mutanen unguwar sun daɗe suna fasa batura, da farashin dalma ya tashi sai mata suka shiga tankaɗe ƙasar wurin a cikin gidajensu don tsintar ɓurɓushi, yaransu na wasa a gefe.

Abin da ya sa wannan guba ke da wuyar sha'ani shi ne ba kasafai take nuna kanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma jikin ƙaramin yaro na tsotsar ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. In ta yi yawa takan zo da jijjiga da suma, a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai. In kaɗan ce sai ta zauna shiru tana cin ƙwaƙwalwa: yaro ya kasa riƙe karatu, a yi ta dukansa a aji ana ce masa daƙiƙi. Illar da ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Rahoton UNICEF da ƙungiyar Pure Earth na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, na da dalma a jini da ta kai matakin damuwa.

Najeriya ba ta rasa doka ba. Tun bayan abin kunyar Koko a 1988, lokacin da aka jibge gangunan guba daga Italiya a wani fili a jihar Delta ta yanzu, gwamnatin soja ta kafa dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai safarar shara mai guba. Ƙasar na cikin yarjejeniyar Basel ta 1989. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, a 2024 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan batura, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da batir alhakin abin da zai faru da shi bayan ya mutu.

A takarda, komai ya yi daidai. A ƙasa kuwa, sai a duba Ogijo, garin da ke kan iyakar Ogun da Legas, inda kamfanonin narka dalma suka yi cincirindo a tsakiyar gidajen jama'a. A 2025 binciken jaridar New York Times da kafar The Examination ya gano dalma mai yawa a jinin akasarin mutanen da aka gwada a can, ya kuma bi sawun dalmar har zuwa kamfanonin batir a Amurka. A shekarar ne NESREA ta rufe wasu daga cikin kamfanonin. Mazauna garin sun shafe shekaru suna kuka da baƙin hayaƙin kafin a kai ga haka.

Akwai dalilin da ya sa rufe kamfani kaɗai ba zai wadatar ba, kuma dalilin na ciniki ne. Kamfanin da ya sayi matatar hayaƙi, yake sarrafa ruwan batir, yake gwada jinin ma'aikatansa, kuɗin aikinsa ya fi yawa. Wanda bai yi ko ɗaya ba yana da rarar da zai ƙara wa dillali a kan kowane kilo. Dillali kuwa ɗan kasuwa ne, inda farashi ya fi can zai kai kaya. Haka mai tsafta ke rasa batura, mai ƙazanta na cika tirela. In aka rufe shi yau, gobe wani ya buɗe a wani gari, ko aikin ya koma bayan gida inda babu jami'in da zai leƙa.

Ko Amurka ta ga haka. A 2008 ta tsaurara ma'aunin dalmar da aka yarda da ita a iska har ninki goma, sai jigilar tsofaffin batura zuwa Meziko ta ƙaru. Guba ba ta ɓace ba, ƙaura ta yi.

Abin da ya yi aiki a wasu ƙasashe shi ne sanya kuɗi a gefen mai tsafta. A Jamus, wanda ya sayi sabon batirin mota bai kawo tsoho ba sai ya ajiye Yuro 7.50, a mayar masa ranar da ya kawo. Mai shago ne ke karɓar tsohon, shi kuma ba shi da ikon miƙa shi sai ga mai lasisi. Ƙa'idojin 2024 sun buɗe ƙofar yin irin wannan a Najeriya: a karɓi wani abu daga mai shigo da batir tun a tashar jiragen ruwa, inda masu shigo da kayan ba su da yawa kuma an san su, a yi amfani da shi wajen cike giɓin farashi ga kamfanin da ya cika sharaɗi. Bin mutum ɗari masu kwantena ya fi sauƙi a kan bin yara dubu ɗari masu kura.

Su kansu 'yan gwangwan, korar su asara ce. Babu wata ma'aikatar gwamnati da ke da ƙafar shiga kowane lungu ta tattaro batura kamar yadda suke yi. Suna da shugabanni a kasuwanni, suna da ƙungiya ta ƙasa. Ta hannunsu za a iya yi wa dillalai rajista, a wajabta rubuta sunan wanda ya kawo kaya, wanda hakan zai rage sata, a kuma kafa sharaɗi guda mai sauƙin ganewa: batir ya isa kamfani a rufe da ruwansa, wanda aka fasa ko aka tsiyaye ba a saye. Dillalai na zubar da ruwan ne don rage nauyi a mota, kuma masu saye da yawa dalmar kawai suke biya. In farashin ya koma kan batir cikakke, zubarwar za ta ragu da kanta.

Lamarin na da gaggawa ga Arewa musamman. Tun da wutar lantarki ta ƙi zama kuma man janareta ya yi tsada, sola ta shiga gidaje da shaguna da masallatai da asibitocin karkara. Batirin litiyom na shigowa, amma mai ƙaramin ƙarfi har yanzu na dalma yake saya, kuma cikin 'yan shekaru yake mutuwa. Ga na motoci da babura da Keke Napep. Duk waɗannan za su bi ta hannun wani a Kano ko Kaduna ko Gusau kafin su kai tukunya, kuma hukumomin muhalli na jihohi sun fi mayar da hankali kan kwashe shara da duba-gari.

Saura batun wanda zai biya kuɗin gyara. Dalma ba ta ruɓewa, sai an kankare ƙasar da ta gurɓata an kawo sabuwa. A Kenya, mutanen Owino Uhuru da ke Mombasa, ƙarƙashin jagorancin Phyllis Omido, sun kai ƙarar kamfanin narka batir da hukumomin gwamnati, a 2020 kotu ta ba su diyyar shilin biliyan 1.3, ta ɗora wa hukumomin da suka ba da lasisi kaso mai tsoka na laifin. A Zamfara kuwa, garin Bagega ya jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin kankare ƙasarsa, kuma likitocin ƙungiyar MSF ba su iya fara yi wa yaran garin magani ba sai da aka yi aikin, domin yaron da aka wanke wa jini in ya koma gida mai guba, dalmar za ta sake taruwa a jikinsa.