Buldog ba karen bazararmu ba ne

 Yau maganarmu bisa kare ce. Mun san wani zai ce: ga tsadar hatsi, ga cutar awaki, an rasa abin rubutawa sai kare? A yi haƙuri, a bi mu sannu. Kare shi ke tsaron garke da dare. Shi ke korar dila daga akurkin kaji. Shi ke tada mai gida in ɓarawo ya taɓa darni. Dabbar da ke yi mana wannan aiki ta cancanci shafi guda.

Cikin watan Afirilu aiki ya kai mu Yamai, muka sauka gidan wani ɗan'uwa. Maƙwabcinsa saurayi ne, ya sayo kare daga ƙasar waje da kuɗi masu yawa. Kare ne gajere, mai faɗin ƙirji da ƙaton kai. Fuskarsa kamar an danna ta ciki, fatar ta naɗe bisa hanci. Sunan irinsa buldog. Da ƙarfe biyu na rana muka gan shi kwance bisa siminti, harshe waje, numfashinsa na ƙara kamar zugazugin maƙeri. Saurayin yana dariya, yana cewa minshari ne, haka irinsu suke. Mu ba mu yi dariya ba. Dabbar tana kokawa ne da iska.

Buldog karen Ingila ne. Ma'anar sunan da ingilishi ita ce karen bijimi. A zamanin da, mutanen can sukan ɗaure bijimi, su sako masa karnuka, jama'a na kallo. A shekarar 1835 doka ta hana wannan mugun wasa. Daga nan sai masu kiwon karen suka maida shi na kwalliya da gasa. Duk wanda fuskarsa ta fi gajarta, shi ake zaɓa don ya haihu. Aka yi ta haka shekara da shekaru, har hancin ya kusa ɓacewa. Ƙashin fuskar ya gajarce, amma naman da ke cikin baki da maƙogwaro bai ragu ba. Sai ya cushe, ya tare hanyar iska. Ƙofofin hancin ma sun matse.

A nan matsalar take. Mutum in ya ji zafi, sai ya yi gumi, iska ta busa shi, jiki ya huce. Kare ba ya gumi irin namu, sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa. Iska na shiga tana fita bisa danshin hanci da harshe, tana ɗauke zafi, kamar yadda iska ke sanyaya ruwan randa. Karen da ke da dogon hanci yana da wuri mai yawa na yin wannan aiki. Ku dubi karen Azawak da makiyayan arewacin jahar Tawa ke kiwo: dogon baki, dogayen ƙafafu, siririn jiki, gashi kaɗan. Shi ɗan ƙasar rana ne. Buldog kuwa in ya dage da haki, maƙogwaronsa kan kumbura, hanyar ta ƙara matsewa, zafin ya ƙaru. Abin da ya kamata ya cece shi, shi ke shaƙe shi.

Likitocin dabbobi na Ingila sun duba takardun karnuka fiye da dubu 900, suka fito da sakamako a 2020. Sun gano cewa haɗarin bugun zafi ga buldog ya ninka na wani kare mai dogon hanci da ake kira labirado kusan sau 14. Cikin karnukan da zafin ya buge, wajen ɗaya cikin bakwai ya mutu. A lura, a Ingila ke nan, ƙasar hazo da yayyafi. Ba a taɓa auna zafin digiri 40 a can ba sai ran 19 ga Yuli 2022, kuma ranar duk ƙasar ta ruɗe. Mu nan Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram, digiri 40 abin kullum ne cikin Afirilu da Mayu. In karen yana faɗuwa a ƙasarsa, ina labarinsa a tamu?

Saboda haka ra'ayinmu a fili yake: kada a kawo wannan kare ƙasarmu. Wanda ya ga hotonsa cikin salula ya yi sha'awa, ya bar sha'awar cikin salula. Wani zai ce kuɗinsa ne, kuma yana da na'urar sanyaya ɗaki. To, mun ji. Ranar da wuta ta ɗauke tun hantsi har la'asar fa? Ko a Turai an fara ja da baya. Tun 2019 hukumomin ƙasar Holand suka tsananta dokar hana haɗa karnuka masu gajeren hanci ƙwarai don su haihu. Kamfanonin jiragen sama da dama ba su yarda su ɗauki buldog a wurin kaya, don suna yawan mutuwa a hanya.

Amma wanda ya riga ya saya, ba mu ce ya yar ba. Ya ɗauki amana, sai ya riƙe. Kuma yawancin abin da za mu faɗa nan ya shafi kowane kare, har baƙin karen da ke kwance ƙofar gidanku yanzu.

Ruwa da inuwa su ne farko. A sa ruwa cikin kaskon ƙasa, a ajiye shi inuwa, a sake shi safe da yamma. Kwanon ƙarfe in rana ta same shi, ruwan ya zama na wanka. Kada a ɗaure kare ƙarƙashin rufin kwano, ko wurin da inuwa ke gushewa da azahar. Mai ɗaure kare ya tuna cewa inuwa tafiya take. Gindin bedi ko rumfar zana ya fi. In kun ga kare yana tona rami gindin randa ko bakin rijiya, sanyin ƙasa yake nema. Maimakon jifa, a zuba masa ruwa bisa rairayi a wani lungu, ya samu wurin kansa. Fita da buldog sai da asuba ko bayan isha'i, kuma tafiya kaɗan. Ka taka ƙasa ba takalmi: in ta ƙona ka, shi ma za ta ƙona shi. Igiyar wuya tana ƙara shaƙe shi, gara maɗauri mai kama ƙirji. Mota rufaffiya kuwa, ko na minti goma, kabari ce.

Zafin jikin kare mai lafiya digiri 38 ne zuwa 39. In ya wuce 41, rai na cikin haɗari. Ba kowa ke da abin awo ba, amma alamun a bayyane suke: haki mai ƙarfi da ba ya tsayawa, dalala mai kauri, dasashi ya yi ja wur ko ya yi shuɗi, tangaɗi, amai, daga ƙarshe ya faɗi. In an ga haka, kada a fara da neman mota. A fara da ruwa. A kai shi inuwa, a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi bisa wuya, ciki da cinyoyi, wani na yi masa fifita. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen zane, zanen na tsare zafi. In yana iya sha, a ba shi kaɗan kaɗan. In ba ya iyawa, kada a ɗura masa. Bayan ya fara hucewa, sai a kai shi wurin likitan dabbobi, ko da ya miƙe, don zafin kan taɓa ƙoda da hanta a ɓoye.

Nan akwai wani kuskure da ke kashe karnuka da yawa a garuruwanmu. Yara in sun ga kare na dalala yana tangaɗi, sai su ce mahaukaci ne, su bi shi da duwatsu. Mutane da yawa sun ɗauka zafin bazara ke haukata kare. Ba haka ba ne. Haukan kare ƙwayar cuta ce, ana ɗaukar ta daga cizon wata dabba mai ita. Karenka da ka sani, wanda aka yi wa allura, ya wuni cikin rana sannan ya faɗi, zafi ne ya fi kusa. Amma karen da ba ka sani ba, ko wanda halinsa ya sake cikin ƴan kwanaki yana cizon duk abin da ya samu, kada ka taɓa shi. A kira ma'aikatan kiwo. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum wajen dubu 59 kowace shekara, da yawansu yara. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi likita ran nan. Allurar rigakafi ga kare ita ke raba mu da shakka.

Sai maganar tsufa. Buldog ba ya daɗewa. Wani binciken Ingila na 2022 ya nuna yakan rayu shekara 7 da ƴan watanni, alhali karnukan can gaba ɗaya sukan kai 11. Ke nan yana shekara 6 ya zama tsoho. Gaɓoɓinsa kan yi ciwo, ƙiba ta ƙara masa nauyi, numfashin ya ƙara wuya. Naɗin fatar fuskarsa na tara danshi da datti, sai an riƙa share shi da tsumma mai tsabta ana busarwa, in ba haka ba ya zama gyambo. Tsohon kare, ko wane iri ne, ya fi yaro kasa jure zafi. Yana son shimfiɗa mai taushi, ko tsohon buhu ne. In haƙora sun zube, a jiƙa masa tuwo ko ƙanzo da nono ko romo. Ban da miya mai albasa da yawa, albasa na lalata jinin kare. Ban da dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke hanji. A riƙa cire masa kaska. In ya fara shan ruwa fiye da kima yana yawan fitsari, alama ce ta ciwon ƙoda ko na sukari, a nuna shi ga likitan dabbobi. Kada a sayo masa ƙwayar ciwon jiki daga masu tallar magani. Irin su ibufurofen na huda tumbin kare, su kashe masa ƙoda.

Abin da ke ba mu kunya shi ne abin da muke gani a yawon da muke yi ƙauyuka. Kare ya yi shekara goma yana gadi. Ran da idonsa ya yi yana, kunnensa ya yi nauyi, sai a daina ba shi abinci, a kore shi juji, a kawo ɗan kwikwiyo. Wannan tsoho ba ya ɓacewa. Yana nan yana yawo da yunwa tsakanin ƴaƴanmu, ba allura, ba mai kula. Malamanmu sun sanar da mu hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Wancan karen ma ba nasa ba ne, bai taɓa yi masa gadi ba.

Kafin mu bar Yamai mun zauna da saurayin nan. Ya saurara, ya maida karen cikin zaure, ya sa masa kasko. Sannan ya ce yana shirin sayo ta mace, su hayayyafa ya riƙa saidawa. Muka gaya masa cewa a Ingila fiye da 80 cikin 100 na haihuwar buldog sai an yi wa uwar aiki an ciro ƴaƴan, don kawunansu sun fi ƙarfin ƙugunta. Ya yi shiru. Can ya tambaye mu nawa ake yin aikin. Karen nasa shekararsa biyu. In Allah ya ja kwanansa, akwai bazara biyar gabansa.