Ɗalibin Madina, kar ka sayi laftof don kwali

Jama'a, tambayar da ta fi yawa a ƙarƙashin bidiyonmu daga ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina take zuwa: in ɗauki mai araha a Jarir ko eXtra, ko in daure in sayi ta ƙwararru?

Ni dai ra'ayina, yawancinku ba kwa buƙatar ko ɗaya daga cikin biyun.

Mai arahar nan, wadda ke da Celeron, RAM 4GB da ma'ajiyar eMMC 64GB, wahala ce aka naɗe a kwali mai kyau. Windows kaɗai zai cinye kusan rabin wurin. Ka sauke Maktaba Shamila, ka buɗe Word da littattafan PDF biyar kana rubuta risala, sai ta fara nishi kamar tsohuwar a-kori-kura. Kuma sau da yawa RAM ɗin a manne yake, ba a ƙara shi. Araha ba ta ado, wallahi.

Ta ƙwararru kuwa, in ba tace bidiyo ko zane kake yi ba, kuɗin katin hoto kake biya wanda ba za ka taɓa mora ba. Ga harajin kashi 15 a kai. Tabby da Tamara za su raba maka biyan, amma bashi sunansa bashi, alawus ɗinka nawa ne?

Abin da nake ba da shawara: tsohuwar kwamfutar ofis, irin ThinkPad T480 ko Dell Latitude, a Haraj ko shagunan na hannu. RAM 16GB in da hali, SSD 256GB, Intel zubi na 8 zuwa sama. Wannan na ƙarshen kar ka yi wasa da shi, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar mafi yawan na ƙasa da haka a hukumance.

Garanti fa? Eh, sabuwa ta fi a nan. Amma ka tuna gida za ka koma. Ran da allonta ya fashe kana Kano, masu gyara a Beirut Road sun fi samun kayan ThinkPad da Latitude.

Kafin ka miƙa riyal ko ɗaya, ka duba lafiyar batir, ka bar ta a kunne minti 20 ka ji fanka, don zafin Madina ba ya raga wa na'ura. Ka tabbatar madannan suna da haruffan Larabci, kar ka ƙare da manna sitika.