Sharhi: Hudar da Ta Riga Lokacinta

A ƙasashen da ke can arewacin duniya, irin su Ingila da Faransa da Japan da arewacin Amurka, watannin Maris da Afrilu da Mayu su ne lokacin da itatuwan lambu ke farkawa daga barcin hunturu, su yi toho, su yi huda, kafin su ɗauki 'ya'ya. Masu fassarar labarai kan kira wannan lokaci bazara saboda rashin kalmar da ta fi dacewa, ko da yake bazarar da Bahaushe ya sani tsananin zafi ce gab da faɗuwar damina, alhali waccan sanyi ne ke janye jiki a hankali, yini yana ƙara tsawo. Itatuwan kuma ba tare suke farkawa ba: ƙananan shuke-shuke masu 'ya'ya irin su guzberi ne ke fara fitar da ganye, mishmish da almon su ne kan gaba wajen huda, fulam da ceri su biyo baya, sai tuffa ta zo daga ƙarshe, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu a Ingila.

Furen da ake gani a Afrilu ba a wannan watan aka fara shi ba, domin tun a lokacin zafin shekarar da ta gabata itacen ya tsara shi a cikin idon reshe, wato ɗan kumburin da ganye ko fure ke fitowa daga cikinsa, kamar idon rake, sa'an nan ya rufe shi da ɓawo mai tauri. Idon ba ya buɗewa sai an cika sharuɗɗa biyu, ɗaya bayan ɗaya. Da fari sai itacen ya sha sanyi na wasu sa'o'i ƙididdigaggu, waɗanda masana aikin lambu suka saba lissafawa da sa'o'in da ma'aunin zafi ya tsaya tsakanin sifiri da digiri 7, kuma ire-iren tuffa da yawa na bukatar kimanin sa'o'i 800 zuwa 1,000 na irin wannan sanyi. Sai bayan wannan lissafi ya cika ne itacen ke fara tara ɗumi, kowace rana mai ɗumi tana matso da shi kusa da toho. Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce kada 'yan kwanakin rana a tsakiyar hunturu su ruɗi itace ya buɗe ido alhali sanyi na gaba.

Mai lambu a Zariya ko Maraɗi ba baƙon wannan al'amari ba ne, tun da mangwaro ma sanyin dare da bushewar hunturu ne ke sa shi huda tsakanin Disamba da Fabrairu, 'ya'yan su nuna da bazara. Amma sanyin ƙasar Hausa bai kai yadda tuffa ke so ba, shi ya sa ba ta samun zama sai a tuddai irin na Jos, kuma ko a can sai an nemi iri mai ƙarancin bukata, kamar Anna da aka samar a Isra'ila, wadda sa'o'i 200 zuwa 300 ke isar ta. A yankin Batu na tsibirin Jaba a Indonesiya kuwa, manoma kan zage ganyen tuffa da hannu bayan girbi, itacen ya ɗauka hunturu ya zo ya wuce, ya sake toho, har a ci amfaninsa sau biyu a shekara.

Abin da mai kallon furanni a hoto ba ya gani shi ne, duk taku ɗaya da ido ya yi wajen buɗewa, juriyarsa ga sanyi raguwa take yi. Idon tuffa da ke barci kan jure sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifiri, amma idan fure ya buɗe sosai, rabin sa'a a kusan digiri 2 ƙasa da sifiri kan kashe ɗaya cikin goma, a kusan digiri 4 ƙasa da sifiri kuwa tara cikin goma ne ke mutuwa. Asarar farko ba ta tayar da hankalin kowa, domin itace na yin huda fiye da ƙima, kuma abin da bai wuce kashi goma cikin ɗari na furannin ba ma ya isa ya cika rassa da 'ya'ya. Ta biyun ce ke kwashe wahalar shekara a dare ɗaya. Furen da sanyi ya kashe ma ba ya nuna alama daga waje, yana nan fari fat, sai mai lambu ya tsaga shi da reza ya ga tsakiyarsa, inda ɗan itace zai fito, ta yi baƙi.

An daɗe ana rubuta ranakun toho da huda. A gundumar Norfolk ta Ingila, Robert Marsham ya fara ajiye irin wannan lissafi a 1736, zuriyarsa suka ci gaba da shi har 1958. A birnin Kyoto na Japan kuwa, masanin nan Yasuyuki Aono ya tattara ranakun cikar hudar ceri daga littattafan fada da na gidajen ibada tun daga shekara ta 812, kuma ko da yake cerin nan na ado ne, ɗan uwan na ci ne, lissafinsu ɗaya. A farkon ƙarni na 19 cikar hudar kan faɗo a tsakiyar Afrilu, yanzu ta dawo makon farko, a 2021 ma ranar 26 ga Maris aka yi ta, abin da ba a taɓa gani ba a duk tsawon lissafin kafin wannan shekara. Ɗumin birni na da nasa kaso a ciki, ɗumamar yanayi na da nata.

Jaridu kan nuna hudar wuri kamar albishir, ga mai lambu kuwa abin fargaba ce, saboda daren ƙarshe na daskarewa ba ya matsowa gaba daidai da yadda huda ta matso. A jihar Michigan ta Amurka, zafin da ba a saba gani ba a Maris na 2012 ya farkar da itatuwa makonni kafin lokaci, sanyin Afrilu ya same su a buɗe, aka rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na ceri mai tsami. Haka ta faru a Faransa a makon farko na Afrilun 2021, bayan ƙarshen Maris mai ɗumi, inda gonakin inabi da na mishmish suka ƙone da sanyi, har gwamnati ta ware Yuro biliyan ɗaya don tallafa wa manoma. A waɗannan darare manyan manoma sun kunna dubban kyandirori a tsakanin kunyoyi, wasu sun tayar da manyan fankoki ko jirage masu saukar ungulu don su janyo iska mai ɗumi daga sama, wasu kuma sun yi ta fesa ruwa har wayewar gari, domin ruwa na sakin ɗan zafi yayin da yake daskarewa, ƙanƙarar da ta lulluɓe fure ta zama masa bargo muddin ba a tsayar da feshin ba.

Mai itace biyu ko uku a bayan gida ba shi da jirgi, dabararsa tun ranar dasawa take farawa. Iska mai sanyi ta fi nauyi, tana gangarowa kamar ruwa ta taru a kwari, don haka ba a dasa mai hudar wuri a gindin gangare, a wurare masu yawan sanyin ƙarshe ma wasu kan kai mishmish inda rana ba ta dukansa da wuri, don a jinkirta shi da gangan. Ƙananan itatuwa akan rufe su da mayafi da yamma, a yaye da safe, domin tuffa galibi ba ta ɗaukar 'ya'ya sai ƙudan zuma ya kawo mata ƙurar furen wani irin tuffa dabam da ya buɗe a lokaci guda, shi kuwa ƙudan ba ya cika fita idan zafi bai kai digiri 10 ba.

Akwai kuma matsala ta ɗaya gefen, wadda ta fi damun yankuna masu ɗumi irin su Kaliforniya da Tunisiya: idan hunturu bai yi sanyin da ya cika lissafin farko ba, toho kan makara, ya zo a warwatse, wani reshe da fure wani yana barci. Saboda haka ranar buɗewar fure ba ta isa shaida kan amfanin shekara ba, kuma a Faransa har yau masu lambu ba sa sakin jiki sai ranakun 11 da 12 da 13 ga Mayu sun wuce, waɗanda al'adarsu ta ɗauka su ne ƙarshen darare masu daskarewa.