Kamfanin Gida: Gado Ne Ko Amana?

Duk alhajin da ya sauka a filin jirgin sama na Madina yana shiga wani katafaren gini da aka buɗe a shekarar 2015. Kamfanoni uku ne suka haɗa gwiwa suka karɓi aikin a 2011: TAV na Turkiyya, da Al Rajhi na Saudiyya, da Saudi Oger, mallakar gidan Hariri na ƙasar Labanan. Shekara biyu bayan buɗe ginin, sai Saudi Oger ya rufe ƙofarsa, dubban ma'aikata suna bin sa albashin watanni. Dalili kuwa shi ne ya dogara ne a kan kwangilar gwamnati. Da farashin mai ya faɗi a 2014, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, sai ya durƙushe.

Ba a Saudiyya kaɗai ake samun gida ɗaya riƙe da kamfanoni masu yawa ba. A Koriya ta Kudu ana kiran irin waɗannan gidaje chaebol. Samsung, alal misali, ya fara ne a 1938 da cinikin kayan abinci. Bayan da Park Chung-hee ya hau mulki a 1961, gwamnatinsa ta riƙa ba su bashi mai sauƙi, suka kafa masana'antun motoci da jiragen ruwa, ƙasar ta fita daga talauci. Amma bashi hanji ne, yana cikin kowa: guguwar tattalin arziki ta 1997 ta tona asirin da yawa daga cikinsu, har Daewoo ya rushe a 1999.

Ƙasar Hausa ma ta san wannan tsari. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi arziki da goro da gyaɗa a Kano. Ɗansa Aminu ya riƙe sunan gidan har ya rasu a 2025, aka binne shi a Madina. Aliko Ɗangote kuwa tattaɓa-kunnen Alhassan ne ta wajen uwa. Sai dai irin wannan gida bai da yawa. Sau da yawa attajiri na rasuwa, rabon gado kan wargaza kasuwancinsa, wannan ya ɗauki mota, wancan ya sayar da shago.

Babu shakka kamfanin gida yana da amfani. Mai gida yana da haƙurin jiran riba ta shekaru, yana kuma gudun abin da zai ɓata sunan mahaifinsa. Amma da zarar kamfani ya ɗauki dubban ma'aikata, ya tashi daga dukiyar gida ya zama amanar jama'a, domin faɗuwarsa tana kashe tukunyar gidajen da ba su ci gadonsa ba.

Saboda haka ya kamata attajirai su kiyaye abu uku. Kada su jingina da gwamnati kaɗai, domin mulki juyawa yake yi. Su raba wa magada hannun jari maimakon injuna da shaguna, su kuma buɗe littafin lissafinsu, kamar yadda kamfanin simintin Ɗangote ya shiga kasuwar hannun jari a 2010. Sannan su ba ƙwararre shugabanci ko da ba ɗan gida ba ne. A 2020 Lee Jae-yong, jikan wanda ya kafa Samsung, ya yi alkawarin ba zai miƙa wa 'ya'yansa ragamar kamfanin ba. Haihuwa tana ba ɗa haƙƙin gado, amma ba ta ba shi basirar kasuwanci.