Mata da Fasahar Zane da Ƙira: Wa Ake Kira da Suna?

A cikin shekarar 1971 ne wata malamar tarihin zane-zane a Amurka, Linda Nochlin, ta buga wata maƙala a mujallar ARTnews, inda ta ɗauki tsohuwar tambayar nan da ake yi wa mata cikin izgili, watau me ya sa ba a taɓa samun gwanar zane da ta kai matsayin manyan gwanaye maza ba. Maimakon ta shiga jero sunaye don kare kai, sai ta juya kan makarantu. Ta nuna cewa har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, yawancin makarantun zane na Turai ba sa barin mace ta shiga ajin da ake koyon zana surar jikin ɗan Adam, alhali kuwa sai da wannan ilmi ake iya zanen tarihi, wanda a lokacin shi ne ƙololuwar fasaha.

Daga nan sai manazarta suka shiga tono. A 1976 Nochlin da Ann Sutherland Harris suka shirya wani baje-koli a Los Angeles, suka tara ayyukan mata fiye da 80 waɗanda suka yi zane tsakanin 1550 da 1950. Cikinsu har da Judith Leyster, 'yar ƙasar Holan ta ƙarni na 17, wadda aka daɗe ana jingina ayyukanta ga Frans Hals kafin a gano hatiminta a 1893. Wannan aiki ne mai kyau, amma iyakarsa ƙara wa mata kujeru a zauren da maza suka gina, bisa ma'aunin da maza suka kafa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne tambayar da Rozsika Parker da Griselda Pollock suka tayar a Ingila a 1981: wa ya yanke hukuncin cewa zane da fenti fasaha ce mai daraja, amma ɗinki da saƙa da ginin tukwane sana'ar hannu ce kawai? Sun nuna cewa iyakar nan ta bi sawun rabon aiki tsakanin maza da mata. Abin da aka yi a ɗakin gwani, a rattaba masa suna, a rataye shi a bango. Abin da aka yi a tsakar gida, a ce masa kayan gargajiya, a manta da mai shi.

Judy Chicago ta riga ta gwada rushe wannan iyaka a aikace. A 1979 ta baje wani ƙaton teburi mai kusurwa uku a San Francisco, mai gurbin zama 39, kowane gurbi da farantin tangaran da ƙyalle mai ado don tunawa da wata mace ta tarihi, sa'an nan ga sunaye 999 a rubuce a daɓen ƙasa. Tun 2007 teburin yana ajiye a gidan kayan tarihi na Brooklyn. Sai dai fa ba a rasa abin cewa ba. A cikin gurabun nan 39, baƙar fatar Amurka ɗaya tak aka zaunar, watau Sojourner Truth. Daɗin daɗawa, mutum wajen 400 ne suka yi aikin, yawancinsu mata, amma sunan da duniya ta riƙe guda ɗaya ne. Ashe cutar da aka fito yi wa magani ta bi mai maganin har gida.

A nan ne labarin Ladi Kwali ya zama abin lura. Wannan Bagwariya ta ƙware a ginin randa tun kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a 1954. Daga nan aka baje tukwanenta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma ya hau takardar naira 20. A 2022 Jareh Das ta shirya baje-koli a Landan wanda ya faro daga Ladi, ya biyo ta kan Magdalene Odundo, wadda ta yi koyo a wurinta. To, amma hannun Ladi bai canja ba a ranar da ta shiga cibiyar Bature. Masu kallo ne suka canja. Ita kuwa 'yar'uwar iyayenta da ta koya mata ginin tun tana yarinya, da kalma ɗaya ake wuce ta.

Ɗaliban Hausa ba su kuɓuta daga wannan ba. Sau da yawa ɗalibi kan je ƙauye ya ɗauko waƙar niƙa ko ta daɓe, ko ya zano adon ƙwarya da saƙar faifai, ya rubuta sunan gari da ranar ɗauka, amma a gurbin mai aikin sai ya sa "wata tsohuwa". Da waƙar ta makaɗin fada ce, da har sunan ubangidansa sai an kawo. Ya kamata malamai masu duba kundi su riƙa tambayar sunan tsohuwar nan, da na wadda ta koya mata, in dai ta yarda a rubuta, kafin su sa hannu.