Ba sunan addini ke ƙona gari ba

Malam Edita,

Masu gardamar wane addini ne ya fi ƙarancin ɓarna suna tsayawa kan suna, alhali abin dubawa shi ne ko mabiyansa na tilasta wa maƙwabci. Asibitin Galmi na mishan ne tun 1950, amma akasarin majinyatan da ke layi Musulmi ne, ba a hana kowa allura don sallarsa. Arnan Masalata na bukinsu na shekara dab da masallatan Konni, gari bai yamutse ba. Wani zai ce wannan sakaci ne da aƙida. To, waɗanda suka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015, wa suka musuluntar? Mutum 10 suka mutu, malamai da dama kuwa suka yi tir da aikin.

Mai karatu daga Bazaga